Na Ci Kuɗin Maganin Sambo Tun Kafin Ya Kwanta

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin, Allah ya saka da alheri, ina roƙon a sa wannan ba tare da sunana ba. 'Yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ni dattijo ne, na haura saba'in, na san da yawanku na haife ku, wasu ma na yi jika da ku, amma abin da ke cina ya wuce in tsaya duba shekaru. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, yau ga tawa ta kawo ni. Ku yi haƙuri da tsawonta, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ina saurayi, lokacin mulkin farar hula na biyu, na samu aikin akawu a kamfanin wani ɗan kwangila mai aikin hanya da kwalbatoci. Yadinmu, inda ofis da kayan aiki suke, yana Bodinga, aikin kuma yana tsakanin nan da Shagari. Kamfanin ya daɗe da mutuwa, masu shi ma duk sun riga mu gidan gaskiya. A lokacin kuwa kamfani ne da ake sha'awar shiga, saboda yana da wani tsari da ba kowa ke da shi ba. In ma'aikaci ya yi rashin lafiya, shi ko matarsa ko 'ya'yansa, sai ya je asibiti ya biya da kuɗinsa, ya kawo rasit, kamfani ya maida masa. Kowane ma'aikaci yana da iyakar abin da za a maida masa a shekara, daga injiniya har lebura. Ni ne mai karɓar rasit ɗin, in cika fom, mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, in kai wa babban akanta, kashiya ya biya.

Ga inda maganar haraji ta shigo. Albashi da alawus, ana cire musu haraji tun kafin su kai hannun mutum. Amma kuɗin magani da aka maida maka bisa rasit, ba a ɗaukarsa a matsayin samu, tunda naka ne ka kashe aka dawo maka da shi, don haka ba a taɓa shi. Kamfani ma yana lissafa shi cikin abin da ya kashe, harajinsa ya ragu. Tsari ne mai kyau da an bar shi yadda yake. To manyanmu suka ga ƙofa. Babban akanta ya samo wani mai kemis a Sakkwato da ke sayar da rasit wanda ba a rubuta komai a kai ba, da hatiminsa da komai. Da farko nasu kason suka riƙa cinyewa, kowa ya zama marar lafiya a takarda. Da nasu ya ƙare sai suka waiwayi na leburori, don leburorin nan yawancinsu ba su ma san da tsarin ba, wanda ya sani kuma yana jin kunyar shiga ofis, in zazzaɓi ya kama shi ya sha saiwa ya koma bakin aiki.

Ni aka ba aikin rubutun. Ba zan ce an tilasta ni ba, an dai kira ni an ce yaro ka iya rubutu kala-kala, ga naka kaso, na ce to. Ina rubuta sunan lebura, in ƙirƙiro masa ciwo, wannan ciwon ciki, wancan matarsa ta haihu, wani ɗansa ya yi ƙyanda. Ranar biyan albashi in sun yi layi suna dangwala yatsa a takardar albashi, sai in zaro fom ɗin magani daga ƙasa in ce dangwala nan ma. Ba wanda ya taɓa tambayata na mene ne. Da kuɗin nan na sayi babur ɗina na farko, da su na yi lefe. A lokacin abin da nake faɗa wa kaina shi ne gwamnati muke cuta, gwamnatin da kowa ke ci, kuma leburorin ba su rasa komai ba tunda dama ba za su nema ba.

Cikin leburorin akwai Sambo, mutumin Horo Birni, shi ne mai dafa kwalta. Dogo ne baƙi, mai yawan dariya, ya girme ni da kamar shekara goma amma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Malam akawu. Duk yini yana tsaye kan tukunyar kwalta hayaƙi na dukansa, ko ƙyalle ba ya ɗaurawa a hanci, wai yana hana shi numfashi. In ya je gida ƙarshen mako yakan zo mini da nono a gora, ya ce Inno ta ce a kawo wa Malam akawu. Inno matarsa ce. Ban taɓa yi masa wani alheri da ya kai a kawo mini nono ba, sau ɗaya ne na rubuta masa wasiƙa zuwa ga ƙanensa da ke ci-rani, shi ke nan ya riƙe. A shekarar da nake ba ku labari, tun kafin damina ta faɗi na riga na cinye kason Sambo kaf. A fayil ɗinsa an yi masa aikin ƙaba, matarsa ta kwanta asibiti sau biyu. Kowane fom da dangwalen yatsansa a ƙasa.

Sai zamani ya juya. Waɗanda suka rayu lokacin sun san abin da nake nufi, aka shiga tsuke bakin aljihu, shinkafa da sabulu da madara suka zama abin nema, gwamnati ta daina biyan 'yan kwangila, albashinmu ya fara makara. Asibiti kuwa sai dai likita ya duba ka ya rubuta maka takarda ya ce je ka saya. A daidai wannan lokacin Sambo ya fara tari. Mun ɗauka hayaƙi ne. Ya rame, dariyar ta ragu, har wata rana ya tofar da jini a bakin aiki, shugaban leburori ya ce ya tafi babban asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa aka ce tarin fuka ne, kuma yana warkewa, amma sai an yi watanni ana allura ana shan magani ba fashi. Wani direbanmu ne ya gaya masa cewa ai kamfani na maida kuɗin magani, ya adana duk takardar da aka ba shi. Jin haka Sambo ya sayar da bijiminsa guda na noma ya fara sayen magani, da tunanin in an maida masa sai ya ci gaba da na watannin gaba.

Ba zan manta ranar da ya shigo ofishina ba. Da hantsi ne, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya durƙusa, ya ciro takardun daga cikin hularsa, an naɗe su a leda. Ya ce, "Malam akawu, ga takardun da anka ba ni, an ce kai za ni kawo wa." Na karɓa na buɗe. Rasit ne na gaskiya, irin wanda na daɗe ban gani ba, har da ɗigon man ja a gefen ɗaya. Na san abin da ke cikin fayil ɗinsa. In na cika masa fom, kashiya zai ce ai wannan ya cinye kasonsa, shi kuma zai ce bai taɓa karɓar ko kwabo ba, daga nan asiri ya tonu, kuma rubutun nawa ne. Sai na juya takardun na ce masa wannan hatimin bai fito sosai ba, ya koma a sake buga masa. Ya ce, "To, Allah shi ba mu alheri, in tahi in dawo." Ya maida su cikin hula ya fita.

Na je na samu babban akanta na gaya masa. Ya ce in ja shi da magana har shekara ta ƙare, sabon kaso ya buɗe, sai a biya shi. Na ce mutumin fa ba shi da lafiya da gaske. Ya ce to in ina da kuɗi in biya shi daga aljihuna, ko kuma in je in gaya wa manaja wanda ya rubuta rasit ɗin ƙarya. Muka ɗan yi sa-in-sa, ya tuna mini babur ɗin da nake hawa, na koma ofishina. Kuma maganar gaskiya, da na sayar da babur ɗin nan da ya ishi Sambo magani har ya warke. Na yi wannan tunanin a lokacin, ba yanzu ne ya zo mini ba. Amma bikina saura wata biyu, na ce bari a gama biki.

Sambo ya koma Sakkwato a mota da kuɗinsa, aka sake buga masa hatimi, ya dawo. Na ce likita bai sa hannu a bayan takardar ba. Ya koma, ya dawo. Na karɓi takardun na ajiye, na ce manaja ya yi tafiya. Daga nan sai na koma ce masa ya dawo ran Litinin. Litinin nawa ya zo, ban iya ƙirgawa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kullum sai ya ce Allah ya huci zuciyata da yake yana damuna. Zuwansa na ƙarshe yana dafa bango, ya ce, "Malam akawu, maganin ya ƙare tun wancan mako, mi kake gani za ni yi?" Na ɗauko ɗan abin da ke aljihuna na ba shi, wanda bai wuce kuɗin mota da na koko ba, ya yi ta godiya har na ji kamar in nutse.

Ana cikin haka ma'aikatan haraji suka zo, don gwamnati ta matsu tana neman kuɗi ko ta ina. Shugabansu wani mutum ne siriri mai tabarau, ba ya shan ko ruwanmu. Kwana uku yana zaune kan fayil-fayil ɗinmu. Ya lura duk ma'aikatan kamfani a kemis ɗaya suke sayen magani, kuma lambobin rasit ɗin a jere suke. Ya ce waɗannan ba za su karɓu ba, duk kuɗin da aka biya a kansu za a ɗauke su a matsayin ƙarin albashi, a cire haraji a kansu daga wanda sunansa ke jikin fom. Amma ya faɗa a gabana, da kunnena na ji, cewa duk ma'aikacin da ke da rasit na gaskiya a biya shi, ba ruwan haraji da shi. Takardun Sambo suna cikin durowar teburina a lokacin, gwiwata na taɓa ta. Ban buɗe ba. Manyan suka san yadda suka yi suka kashe maganar a sama, kamfani ya soke tsarin maida kuɗin magani gaba ɗaya, aka bi albashin leburori aka cire harajin. Ni na buga takardar. Sambo yana kwance a Horo Birni aka cire masa haraji a kan kuɗin da bai taɓa gani da idonsa ba, daga albashinsa na ƙarshe.

Ya rasu ana tsakiyar girbi. Na je ta'aziyya tare da direban nan, na haɗa ɗan kuɗi na ce daga kamfani ne. Ƙanen Sambo ya tambaye ni ina maganar takardun da marigayi ya yi ta kai wa. Bakina ya riga ni, na ce na yi iya ƙoƙarina, masu haraji ne suka zo suka hana. Kowa ya yarda, don a lokacin ba abin da ba za a yarda gwamnati ta yi ba. Har aka yi ta yi wa mai tabarau Allah ya isa a zauren ta'aziyyar, mutumin da bai yi musu komai ba, ina zaune ina cewa a yi haƙuri. Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, kwangila ta tsaya, kamfani ya watse. Na samu aiki a ƙaramar hukuma, a nan na yi ritaya, kuma wallahi tun daga kan Sambo ban ƙara rubuta takardar ƙarya ba. Ban faɗi haka don a yaba mini ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Sambo ya bar 'ya'ya biyu, Umaru yana ɗan shekara bakwai, da Kulu tana goye. Sauran bijimin da gonar fadama duk sun tafi cikin shekarun yunwar nan, Umaru bai yi karatu ba, kiwon dabbobin mutane ya tashi yana yi. Ni kuma saboda abin da na sani, na riƙa leƙa su, da salla in kai turmin atamfa, in damina ta yi tsanani in kai kwanon gero. Da Kulu ta isa makaranta na tsaya mata har ta zama malamar asibiti, yanzu haka a Shagari take aiki. Su kuwa suka ɗauke ni uba. Baba akawu suke ce mini. Duk kaka sai buhun gero da albasa sun iso gidana daga Umaru, in na ce a bari ya ce in na ƙi karɓa bai yafe ba. Kulu ta sa wa ɗanta na fari sunana. Ranar sunan nan na kasa cin abinci, mutane suka ɗauka murna ce ta cika ni.

Shekara arba'in da wani abu ke nan, ban taɓa samun sakewa ba. In ana gyaran titi na ji warin kwalta sai in tuna Sambo. In wani ya yi tari mai zurfi a sahu bayana, sallar nan ba na sanin abin da na karanta. Na je Makka na roƙi gafara, na yi sadaka da sunansa ba adadi, na haƙa rijiya a ƙauyensu na ce ladan ya kai masa. Amma duk ranar Litinin, in hantsi ya yi, sai in ga kamar wani zai cire takalmi a ƙofar zaurena.

Makon jiya Umaru ya kira ni ya ce jikin Inno ya yi tsanani, tana nemana. Na shiga mota na je. Ta tsufa ƙwarai, ba ta gani, amma hankalinta garau. Ta sa aka kira 'ya'yanta da jikoki, ta laluba ta kama hannuna, ta ce musu duk kamfanin nan ni kaɗai ne mai tsoron Allah, su riƙe ni bayan ranta kamar yadda na riƙe su. Sannan ta ce, "Akawu, akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da Sambo shina cikawa, ya ce mini in an ga ka zo a ba ka haƙuri, ya wahalshe ka da zirga-zirga. Ya ce kada a ƙara tuna maka maganar takardun nan, kai ma yaron gida ne, ba yadda za ka yi." Ta yi ta sa mini albarka, yaran suna amin. Na yi musu sallama na fito. A hanyar dawowa na ce wa direba ya sauke ni kafin Bodinga, na zauna a gindin wata bishiya na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Da na dawo na gaya wa matata komai, karo na farko, har da cewa lefenta da kuɗin nan aka yi. Ta yi kwana biyu tana fushi da ni. Daga baya ta ce in rufa wa kaina asiri, tsohuwar nan tana bakin kabari da zuciya fara, in na faɗa mata na kashe ta da baƙin ciki, in sayar da filina in saya wa Umaru shanu da gona in ce kyauta ce, shi ke nan. Na ce ai kyauta za su sake gode mini, godiyar ce ke kashe ni. Ta ce to ashe sauƙin kaina nake nema, ba nasu ba. Wannan maganar ta tsaya mini, don ban san ko gaskiya ta faɗa ba.

Na tambayi malamai biyu, ban ce ni ne ba, na ce wani ne. Ɗaya ya ce haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an maida kuma an nemi yafiya daga magada, su san abin da suke yafewa. Ɗayan ya ce in faɗar za ta haifar da fitina da yanke zumunci, a maida haƙƙin ta kowace hanya, a yawaita istigfari. To ni ban ma san me zan maida ba. Kuɗin rasit ɗin a yau ba za su sayi buhun masara ba. Bijimi da gona ana iya saye. Karatun Umaru fa, da uban da Kulu ba ta taɓa sanin fuskarsa ba? Sannan ga mai tabarau da aka yi shekaru ana tsine wa a gidan Sambo saboda ƙaryata, har gobe Umaru in ya ga mai karɓar haraji a kasuwa sai ya tofar da yawu, shi kuma ban san inda zan same shi ko zuri'arsa ba.

Jiya Kulu ta kira ni, ta ce Inno ta daina cin abinci sai ruwa, a ganinta na ma'aikaciyar lafiya kwanakin ba su da yawa, kuma tsohuwar ta ce tana son in zo ran Juma'a in yi mata addu'a da bakina. Na ce in sha Allahu zan zo.

Shi ne nake tambayarku, don girman Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi, zagi ma na yarda da shi in akwai shawara a ciki. In faɗa wa Inno tun tana ji, ta yafe ko ta ƙi yafewa da saninta? Ko in bar ta ta tafi da abin da ta sani, in tara Umaru da Kulu bayan ranta in gaya musu, alhali wadda ta fi kowa shan wahalar abin ba ta nan? Ko in bi ta matata in biya a ɓoye in mutu da shi, in je in tarar da Sambo? Masu ilimi a cikinku da waɗanda suka taɓa rasa uba suna ƙanana, ku nake so ku fi ba ni amsa, in ku ne Umaru da Kulu, za ku so a gaya muku? Yau Talata. Ran Juma'a in na zauna a gabanta ta kama hannuna, me zan ce mata?